Wai da gaske kwamfutar kwantam za ta fasa bankuna?

Mai POS na Kabuga: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masanan cikinmu a taimaka. Akwai wata murya da ke ta yawo a wayoyi, wani yana cewa Google sun gama haɗa wata kwamfuta, wai kwantam, cikin minti biyar take yin aikin da sauran kwamfutocin duniya ba za su gama ba har a naɗe ƙasa. Ya ce PIN da BVN duk za ta buɗe, gara kowa ya kwashe kuɗinsa daga banki tun da wuri. Yau kwastomomi sun ishe ni da tambaya, ni kuma jarina kaf a akawun yake kwana.

Ɗan Farm Centre: Ni ma an turo min. Ka saurara har ƙarshe kuwa? Cewa yake a maida kuɗin wani dandali nasu wai mai kariyar kwantam. Daga nan na gane inda aka dosa 😂

Baba Alhaji na Dawanau: Wa alaikumus salam. Yaro, duk wanda ya fara da tsorata ka ya ƙare da miƙo maka lambar akawun, ba sai an kira masani ba. Haka aka yi wa mutane da MMM a 2016.

Maman Khalifa: Ƙanena, bar kuɗinka inda suke. Tsaron bayanai a banki shi ne abincina, kuma ina gaya maka babu wata na'ura da aka sani a yau da za ta iya fasa kullen da bankuna ke aiki da shi. Sai dai mai muryar ba daga iska ya ɗauko zancen ba, gaskiya ya samu ya cuɗa ta da ƙarya. Abin da yake nufi shi ne Willow, wani cip da Google ta sanar a Disambar 2024. Su da bakinsu suka ce ya yi wani lissafi a ƙasa da minti biyar, wanda babbar kwamfuta ta yau za ta shafe shekarun da in za ka rubuta adadinsu sai ka sa 1 ka jera mata sifili 25. Abin da bai gaya muku ba shi ne wane irin lissafi ne. Malam ya fi ni hannu a nan.

Malamin Fiziks: Lissafin da ba ya warkar da ko ciwon kai, Hajiya. An sa cip ɗin ne ya yi ta fitar da jerin lambobi barkatai bisa wani tsari da aka zaɓa musamman don ya yi wa kwamfutar kwantam sauƙi, ya yi wa ta gargajiya wuya. Gwajin ƙarfi ne kawai, bai buɗe ko da fasawod ɗaya ba. Kuma ba yau aka fara ba. A 2019 Google ta ce cip ɗinta Sycamore mai kiyubit 53 ya yi a daƙiƙa 200 abin da zai ci shekara 10,000. IBM ta fito ta ce ina, babbar kwamfuta za ta iya cikin kwana biyu da rabi in an tsara aikin da kyau. Daga baya masu bincike a China suka ƙara rage tazarar da kwamfutoci na gargajiya. Shi ya sa in na ga irin waɗannan alƙaluma ba na saurin tafi.

Mai POS na Kabuga: Allah ya gafarta Malam, mene ne kiyubit kuma? A sauko mana ƙasa.

Malamin Fiziks: To. Wayarka da na'urar POS ɗinka duk da bit suke aiki, wato wani ɗan maɓalli da ko dai yana 0 ko yana 1, babu na uku. Hoto, murya, alat, duk jerin 0 da 1 ne. Shi kuwa kiyubit ana yin sa ne da abin da ke bin dokokin ƙananan halittu, irin su ƙwayar zarra, ko ƙwayar haske, ko wata 'yar da'irar lantarki da aka sanyaya matuƙa. Kafin a auna shi yana iya kasancewa cikin gaurayen 0 da 1, kowanne da nasa nauyin. In kuma ka haɗa da yawa suna iya sarƙewa da juna yadda ba za ka iya bayanin ɗaya ba sai ka haɗa da sauran. Nan ƙarfin yake. Don ka rubuta cikakken halin kiyubit 300 a kwamfutar gargajiya kana buƙatar lambobin da yawansu ya zarce ƙwayoyin zarra da masana ke ƙiyasta akwai a duk sararin da ake iya hange.

Ɗalibar BUK: Malam, ni dai yadda na sha ji shi ne tana gwada duk amsoshi a lokaci guda, shi ya sa take da sauri.

Malamin Fiziks: Wannan jimlar ita ta fi kowace ɓatar da mutane, 'yata. Da haka ne da an gama da kowane kulle a duniya. Matsalar ita ce da zarar ka auna, gaurayen nan ya rushe, amsa ɗaya tak za ka gani, kuma in ba ka yi dabara ba amsar banza ce za ta faɗo maka. Dabarar ita ce wannan. Kin taɓa ganin yara sun jefa duwatsu biyu a kududdufi? Inda igiyoyin ruwan suka haɗu, wani wurin tudu ya hau tudu ruwan ya ƙara tashi, wani wurin tudu ya faɗa kwari ruwan ya kwanta lamo. Mai tsara lissafin kwantam aikinsa ke nan: ya jera matakai yadda amsoshin da ba daidai ba za su kashe juna, ta daidai ta ƙara tashi, sannan a auna. To ba kowace matsala ke da siffar da za ta yarda a yi mata haka ba. Kaɗan ne ƙwarai. Lissafin kuɗin shago, kallon bidiyo, tura saƙo, babu abin da za ta fi wayarka a kai, ƙila ma wayar ta fi ta.

Baba Alhaji na Dawanau: Kai na Farm Centre, ta iso wajenku ne ko sai an yi oda daga China?

Ɗan Farm Centre: Baba ai ko an kawo ba mu da inda za mu ajiye. Na ga hotonta, wasu bututai ne masu ruwan zinari a rataye cikin wata ƙatuwar tukunya.

Malamin Fiziks: Abin da ka gani firji ne, cip ɗin yana can ƙasa, bai fi ka ɗora a tafin hannu ba. Irin na Google da IBM sai an sanyaya su kusa da 273 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, sun fi sararin samaniya sanyi. Ɗan zafi, ɗan girgiza, ɗan hayaniyar lantarki, sai gaurayen ya lalace. Ko a cikin sanyin ma galibi bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake riƙe halinsa ba. Akwai masu bin wasu hanyoyin, kamar IonQ da Quantinuum da ke tsare ƙwayoyin zarra da ƙarfin lantarki suna sarrafa su da hasken lesa, da 'yan jami'ar kimiyya ta Hefei a China da suka yi Jiuzhang da ƙwayoyin haske a 2020. Kowace hanya da nata ciwon kan.

Mai POS na Kabuga: To Anti, in haka take da laulayi, me ya haɗa ta da banki tun farko?

Maman Khalifa: Yauwa, ka zo wajen. Bari in ba ka aiki. Waɗanne lambobi biyu ne in ka ninka su za su ba ka 391? Ban da 1 da ita kanta.

Mai POS na Kabuga: Dakata in ɗauko kalkuleta.

Ɗan Farm Centre: Mai POS guda da neman kalkuleta, Allah ya kyauta 😂

Mai POS na Kabuga: 17 da 23. Amma sai da na yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Maman Khalifa: Ka gani? Da cewa na yi ninka 17 da 23, da tuni ka ba ni amsa. Zuwa da sauƙi, dawowa da wuya. A kan wannan aka gina kullen RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977. Sai dai maimakon 391, lambar da ake aiki da ita tana da alƙaluma 617. Ko ka tara duk kwamfutocin duniya ba za su warware ta a iya rayuwarmu da ta jikokinmu ba. Akwai ɗan'uwansa da aka gina a kan wani lissafin lanƙwasassun layuka, shi ma haka. Da waɗannan biyun wayarka da sabar banki ke gaisawa su amince da mukullin sirri duk lokacin da ka buɗe manhaja, da su ake sa hannun da ke tabbatar maka shafin bankin ne na gaske, har cip ɗin katin ATM akwai RSA a ciki.

A 1994 wani masanin lissafi, Peter Shor, yana aiki a Bell Labs a Amurka, ya nuna cewa wannan dawowar mai wuya tana cikin 'yan matsalolin nan da Malam ya ce suna da siffar da ta dace. In aka samu kwamfutar kwantam babba mai ƙarancin kuskure, RSA da ɗan'uwansa sun tashi aiki. Ba hasashe ba ne, lissafi ne tabbatacce. Na'urar ce babu.

Batun PIN kuwa, mai muryar bai san abin da yake faɗa ba. Lamba huɗu ce, duka-duka zaɓi 10,000. Ba wuyar lissafi ke kare ta ba, abin da ke kare ta shi ne in ka yi kuskure sau uku a toshe katin. Kwantam ba ta da ta cewa a nan.

Malamin Fiziks: Kalmar "na'urar ce babu" nake so a ja wa layi. A 2001 masu bincike na IBM suka gwada dabarar Shor da kiyubit 7, suka gano cewa 15 ita ce 3 sau 5. An yi murna. Yau fiye da shekara ashirin, lambobin da aka warware da dabarar Shor tsantsa, ba tare da an saci amsa an cusa a tsarin ba, har yanzu irin waɗanda ɗan firamare zai yi da ka ne. IBM ta fitar da Condor mai kiyubit 1,121 a ƙarshen 2023, amma yawa ba shi ne ba. Mafi kyawun na'urorin suna kuskure kusan sau ɗaya a kowane mataki dubu, aikin fasa RSA kuwa matakai ne biliyoyi. Dole a tara kiyubit ɗaruruwa ko dubu su yi ta gadin juna kafin a samu guda ɗaya mai aminci. Shugaban kamfanin ƙera cip na Nvidia, Jensen Huang, ya faɗa a Janairun 2025 cewa mai amfani sosai sai nan da shekara 15 zuwa 30, hannayen jarin kamfanonin kwantam suka rikito a ranar. Kuma fagen cike yake da talla. Wani sakamako da masu aiki da Microsoft suka wallafa a 2018 sai da aka janye shi a 2021, da suka sanar da cip ɗin Majorana 1 a Fabrairun 2025 ma masana da yawa sun ce ba su gamsu da hujjar ba. Ni a ganina ana tsorata duniya ne don kuɗin bincike ya ci gaba da zuba.

Maman Khalifa: Allah ya gafarta Malam, a nan kam ba na tare da kai. Talla akwai, ban musa ba. Amma dubi inda alƙaluman suka nufa. A 2019 Craig Gidney na Google da Martin Ekerå suka lissafa cewa fasa RSA mai alƙaluma 617 zai buƙaci kiyubit miliyan 20 na awa 8. A Mayun 2025 Gidney ɗin nan dai ya sake lissafi da sababbin dabaru, ya sauko ƙasa da miliyan ɗaya, cikin ƙasa da mako guda. Shekara shida kacal, buƙatar ta ragu ninki ashirin, ba don an ƙera sabon ƙarfe ba, don an ƙara wayon lissafi. Sannan ainihin labarin Willow ba minti biyar ɗin nan ba ne. Shekara da shekaru in aka ƙara kiyubit don gyaran kuskure, kuskuren ƙaruwa yake. A Willow mai kiyubit 105 suka nuna akasin haka: daga jeri 3 sau 3 zuwa 5 sau 5 zuwa 7 sau 7, kowane ƙari kuskuren na raguwa da kusan rabi. Wannan shi ne abin da ya sa mu masu tsaro muka gyara zama.

Malamin Fiziks: Daga 105 zuwa miliyan ai tafiya ce, Hajiya.

Maman Khalifa: Tafiya ce. Amma ba sai ta iso za ta cuce mu ba, kuma wannan ne abin da nake so kowa a gidan nan ya fahimta. Bayanan da ke wucewa ta intanet a kulle, ana iya kwafe su yau a adana yadda suke, ba a iya karantawa, a jira ranar da mabuɗi zai samu. Ma'ajiyar bayanai ta yi arha, manyan ƙasashe kuma suna da haƙuri. An taɓa yi. Amurka ta tattara saƙonnin sirri na Tarayyar Sobiyet a shekarun 1940, ta yi ta warware su a hankali a wani shiri mai suna Venona da ba a rufe ba sai 1980, kuma an kama 'yan leƙen asiri da saƙonnin da suka aika shekaru da suka wuce.

To tambayar ita ce wane sirri ne zai ci gaba da zama sirri nan da shekara 20. Taransifar dubu biyar da ka yi wa mai kayan miya yau, ko an karanta a 2045 ba komai. Fasawod ana canzawa. Kati yana ƙarewa a ba ka sabo. Amma zanen yatsunka da ka bayar wajen BVN tun da aka fara a 2014, da na NIN, da hoton fuskarka, da tarihin rashin lafiyarka a asibiti, da takardun tsaro na ƙasa? Yatsa goma gare ka, babu ofishin da zai ba ka sababbi.

Ɗan Farm Centre: Kai. Wannan kam ta shige ni.

Baba Alhaji na Dawanau: 'Yata, na ji bayaninki kuma Allah ya yi albarka. Amma bari in faɗi tawa ta tsofaffi. Mu da wutar kunna fanka ke gagararmu, ina mu ina firjin da ya fi sama sanyi? Waɗanda ke kwashe wa mutanenmu kuɗi a kasuwa ba su da wata kwantam. Kira suke su ce daga banki ne, BVN ɗinka ya samu matsala, karanto lambar da aka turo maka. Ko su sace waya su cire layin. Ko alat na bogi, a loda buhuna a mota a tafi. A fara maganin wannan mana.

Maman Khalifa: Baba, gaskiyarka, kuma a teburina ƙarar da ke zuwa kullum irin wannan ce, ban taɓa ganin wadda aka fasa lissafi ba. Duk wanda ya ba da OTP ɗinsa ya buɗe ƙofa da hannunsa. Sai dai abu biyu ne daban, da masu aikin daban. Wancan na kowa ne. Na kwantam kuwa na bankuna ne da NIBSS mai haɗa hada-hadar bankuna da NIMC mai ba da NIN da kamfanonin waya da hukumar kare bayanai da dokar 2023 ta kafa. Kuma abin daɗin, kariyar ba ta buƙatar firji ko kwamfutar kwantam. Sabon lissafi ne kawai da ke gudana a kan wayoyi da sabobin da muke da su. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa a 2016, masana daga ƙasashe da yawa suka kawo kulle iri-iri da aka gina a kan matsalolin da dabarar Shor ba ta kamawa. A Agustan 2024 aka fitar da uku na farko a hukumance. Manhajar saƙo ta Signal ta fara sa irin wannan tun 2023, Apple ta sa a iMessage a 2024. NIST ta kuma ba da shawarar a fara yaye tsofaffin kulle daga 2030, a daina su gaba ɗaya a 2035.

Abin da ke hana ni barci shi ne mu ba mu saba fara abu da wuri ba. Banki ɗaya yana da manhajoji birjik, wasu an saye su ne daga kamfanonin waje shekaru da dama, ba wanda ma ya san wane kulle ke cikin wacce. Kafin a ƙirga su, a sake kwangila, a canza na'urori, shekaru ne.

Malamin Fiziks: Gaggawar ma da nata haɗarin. Cikin waɗanda suka yi nisa a gasar nan akwai wani mai suna SIKE. A Yulin 2022 wasu masana biyu a jami'ar Leuven ta Beljiyam suka fasa shi cikin kusan awa ɗaya, da kwamfuta ta gargajiya. Wani mai suna Rainbow shi ma a shekarar aka karya shi da laftof a hutun ƙarshen mako. RSA ya kusa shekara hamsin ana dukansa bai faɗi ba. Sababbin nan fa?

Maman Khalifa: Shi ya sa ba a cire tsohon. Haɗa su ake, tsoho da sabo a ƙofa ɗaya, sai ɓarawo ya karya duka biyun. Kuma faɗuwar SIKE ai amfanin gasar ke nan, ya faɗi a fili kafin a ɗora masa dukiyar mutane.

Admin: Jama'a an kira Magariba. A dakata, a dawo bayan Isha'i. Masu turo tallan atamfa a tsakiyar muhawara kuma don Allah a bari sai an gama.

Ɗalibar BUK: Barkanmu da dare. Tun ɗazu ana ta maganar ɓarna, ni kuma a matsayina na 'yar kimiyyar sinadarai ɓangaren alherin ya fi ja na. Asalin tunanin ma ba don fasa kulle ba ne. Richard Feynman ne a 1981 ya ce tunda ƙwayoyin zarra da ire-irensu da dokokin kwantam suke tafiya, kwaikwayonsu a kwamfutar gargajiya zai yi ta gagara, sai a gina na'urar da ita ma da dokokin take aiki. Baba Alhaji, wannan naka ne. Me ya sa manomi ke shuka wake ko gyaɗa a gonar da ta gaji?

Baba Alhaji na Dawanau: Wannan ai tun kakanni. Wake na gyara ƙasa. Gonar da aka yi wake bana, baɗi dawa ko gero sai ka ga sun yi kyau ko taki kaɗan aka sa. Shi ya sa ake haɗa su a kunya ɗaya. In kin tuge shi za ki ga wasu 'yan ƙulalai a jikin saiwar.

Ɗalibar BUK: To a cikin ƙulalan nan wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma shuka ba ta iya cin ta haka. Su ƙwayoyin nan suna kamo ta su maida ta abincin shuka, a cikin ƙasa, a zafin gona na yau da kullum. Mu 'yan Adam in za mu yi irin wannan don haɗa yuriya, sai mun bi hanyar Haber da Bosch ta farkon ƙarni na 20: zafi sama da digiri 400, matsi fiye da ninki ɗari na iskar da ke kanmu, da iskar gas mai yawa. Wannan aikin kaɗai yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya. Sirrin bakteriyar yana cikin wani ɗan dunƙulen ƙarfe da molibdinam da farar wuta a tsakiyar sinadarin da take aiki da shi, kuma har yau ba a gama gane yadda elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, ke kai-kawo a cikinsa ba, saboda lissafin ya fi ƙarfin kwamfutocinmu. A 2017 masu bincike daga Microsoft da jami'ar ETH ta Zurich suka nuna cewa irin aikin da kwamfutar kwantam za ta iya ne. Haka batun batir mai riƙe caji da haɗa magunguna.

Baba Alhaji na Dawanau: Ikon Allah. Wato abin da Turawa ke neman na'urar biliyoyi su gane, yana nan a saiwar waken da muke aunawa a kwano.

Ɗalibar BUK: Sosai Baba. Kuma Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, cibiyar binciken noma ta IITA ma tana da tashar bincike a nan Kano da ta daɗe tana aiki a kansa.

Baba Alhaji na Dawanau: To amma kar ki sa in gaya wa manoma taki zai yi arha. Ko an gano sirrin, wanda ya gano shi zai sayar mana, da dala. Ga kuɗin mota, ga 'yan tsakiya.

Malamin Fiziks: Ranka ya daɗe, ka faɗi abin da ya fi fiziks ɗin wuya. Gane yadda abu ke aiki daban, gina masana'anta daban. Amma in dai za a tambaye ni inda na yarda na'urar za ta fara amfani, to nan ne wajen sinadarai, domin buƙatarsa ba ta kai ta fasa RSA ba a wasu matsalolin, kuma can ne dabi'ar na'urar ta dace da dabi'ar aikin.

Ɗan Farm Centre: Anti, ni tambayata ta kirifto ce. Yaranmu da yawa a kasuwa suna da ɗan abin da suka tara. Bitcoin fa?

Maman Khalifa: Kashi biyu ne. Haƙar, wato mainin, da wani lissafi mai suna SHA-256 take aiki. Abin da kwantam ke da shi a kan irin wannan shi ne dabarar Lov Grover ta 1996, wadda ke rage nema: abin da za ka duba sau miliyan sai ka duba kusan sau dubu. Ragi ne, amma ba rushewa ba, ana maganinsa da tsawaita mukulli. Shi ya sa kullen AES mai bit 256 da ake adana bayanai da shi ba a damu da shi ba. Inda matsalar take shi ne sa hannun da ke nuna kai ne mai walat, domin da lissafin lanƙwasassun layukan nan aka yi shi, kuma Shor na kama shi. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffin adireshi na farkon zamani da mukullinsu na fili, wanda ake tabbatar da sa hannun da shi, ke bayyane, da adireshin da aka riga aka kashe kuɗi daga cikinsa aka ci gaba da amfani da shi. Banki shugabanni za su zauna su ba da umarni a canza. Bitcoin ba shi da shugaba, sai jama'arsa sun yi ittifaƙi, kuma kuɗin waɗanda suka mutu ko suka ɓatar da mukulli ba mai matsar da su. Amma yau ɗin nan, abin da zai cinye kuɗin yaranku shi ne ba wa wani kalmomin sirrin walat, ko sabon koyin da aka laƙaba wa sunan kwantam don a ja hankali.

Mai POS na Kabuga: Ni kuma na'urata, sai na sayi sabuwa ke nan?

Maman Khalifa: Ba kai za ka yanke ba. Kamfanin da ya ba ka ita zai turo sabuntawa, in ta tsufa da yawa su canza ta. Naka shi ne in an turo ka karɓa, a waya ma haka, ka daina danna "anjima".

Ɗalibar BUK: Malam, mu ɗalibai akwai ta inda za mu shiga, ko sai dai kallo?

Malamin Fiziks: Akwai. Tun 2016 IBM ta ɗora wata ƙaramar na'urarta mai kiyubit 5 a intanet don kowa ya gwada, kuma har yanzu suna ba da ɗan lokaci kyauta a kan na'urorinsu. Ana rubuta umarnin da manhajar Qiskit, a harshen kwamfuta na Python. Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu ta shiga haɗin gwiwa da su tun 2019, ita ce ta farko a nahiyar. Ghana ce ma ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam. Abin da kike buƙata shi ne lissafin matiris da na yiwuwa, sai Python. Ke da kike sinadarai kin riga kin yi rabin hanya.

Maman Khalifa: In kuma aikin yi ake nema nan kusa, a koyi ilimin kulle bayanai. Masu iya zama su binciko inda tsohon kulle yake a manhaja su sauya shi ba tare da sun tsayar da banki ba, su za a nema kafin masu gina firji.

Malamin Fiziks: Nan kam mun haɗu, ko da yake ni har yanzu ina kan cewa zan yi ritaya ban ga an fasa RSA ba.

Maman Khalifa: Allah ya ja kwana, Malam, mu gani tare. Ni dai ba zan jingina yatsun mutane miliyoyi a kan ranar ritayarka ba.

Ɗan Farm Centre: 😂 To tunda abin kyauta ne a gwada mana. Shagona akwai sola da intanet. Malam, in ka samu sarari ranar Asabar ka zo ka nuna mana yadda ake sarƙe kiyubit biyu mu gani da idonmu.

Malamin Fiziks: Ba matsala, bayan La'asar. Amma a buɗe akawun tun kafin ranar, domin ana bin layi ne kafin aikinka ya shiga na'urar, wani lokacin a daɗe. Wanda ke da laftof ya zo da ita a cike da caji.

Ɗalibar BUK: Zan zo da ƙawayena biyu in sha Allah. A turo kwatancen shagon.